Idon Inna Zinariya

Kwana uku ke nan takalman Aziza suna bakin ɗaki ba ta sa su ba. Silifa ne na roba, ruwan ganye, mijinta ya aiko mata da su daga Abijan, kuma har makon jiya tana yawo da su a tsakar gida suna ƙaf-ƙaf. Yanzu ƙafar ta fi ƙarfinsu. Kullum da safe Zinariya takan zo da tsintsiya, ta ɗage su, ta share ƙarƙashinsu, ta mayar da su inda suke, ta wuce kamar ba ta ga komai ba. Alhali kuwa duk faɗin Kalgon Dutse babu mai ido irin nata.

Shekara ashirin da bakwai tana karɓar haihuwa a garin da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa bakin Karofane. Amma ba wannan ya yi mata suna ba, ungozoma ai ko'ina akwai. Abin da ke sa mata su hawo dutse da tsohon ciki suna haki shi ne Zinariya tana duban mai juna biyu ta faɗi abin da za ta haifa. Takan sa mace ta tsallako dokin ƙofa ta ga ƙafar da ta fara jefowa: dama namiji, hagu mace. Takan tambayi abin da rai ke so. Mai kwaɗayin tsami da yaji ta shirya wa namiji, mai neman dabino da zuma ta nemi 'yan kunne. Ciki in ya yi tsini ya tsaya gaba, namiji ne. In ya baje ya cika kwiɓi, mace ce. In kuwa fuska ta cika, hanci ya buɗe, kyau ya gudu, to 'ya mace ce take kwasar kyawun uwarta tun ba ta fito duniya ba. Bayan duk wannan sai ta kwantar da matar a tabarma, ta bi cikin da tafin hannu ta ji kwanciyar ɗan, ta matsa ƙafafu, sannan ta faɗi maganarta. Takan rufe da “Allah shi ne masani,” da muryar wadda ba ta shakkar komai. A lissafin mutanen gari sau biyu ta taɓa kuskure, ɗaya ma tagwaye aka haifa, mace da namiji, don haka wasu rabi suke ƙirga shi.

Duk wannan 'ya'yan mutane ake yi wa. Aziza kuwa 'yarta ce ta fari, kuma 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a tsura mata ido, ba a nuna an damu da ita. Haka Zinariya ta taras, haka tata uwar ta yi mata, ba ta kuma taɓa ganin aibun abin ba. Ranar da aka yaye yarinyar aka kai ta Azarori wajen kakarta. Can ta girma, can aka ɗaura mata aure da Idrisa, mutumin Galma. Da cikin fari ya shiga wata bakwai aka kawo ta goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda aka saba. Sai ga uwa da 'ya a tsakar gida ɗaya, kowace tana kauce wa 'yar'uwarta hanya. In Zinariya za ta ba ta abinci, sai ta ajiye kwanon a kan turmi ta ce wa iska, “Ga tuwo nan, in da mai ci.” In za ta yi maganarta da wani, sai ta ce “baƙuwarmu”.

Matan gari ba su bar ta ta sarara ba. Tun makon da Aziza ta zo suke tsokanarta a bakin rijiya, kuma Lalla ce kan gaba, ƙawarta tun suna 'yan mata, mace mai kirki wadda magana ba ta kwana a cikinta.

“Zinariya, kin hwaɗa ma gari duka abin da za su haihwa. Naki gida fa? Ko idon ya tsuhwa?”

“Ni mi ya haɗa ni da abin da ba a tambaye ni ba?”

“To ga shi mun tambaya. Baƙuwar taku, mi taka ɗauke da shi?”

Gaskiyar magana, Zinariya ta daɗe da gama duban ta da wutsiyar ido. Ta ga hagu take fara jefowa. Ta ga ƙwallayen dabino a bayan randa. Ta ga fuskar tana cika, hancin yana buɗewa. Ta jawo guga ta juye a tulu, ta bari suka ƙosa, sannan ta ce, “Mace ta. Allah shi na masani.”

“Kin aza mata hannu?” in ji Lalla.

“Ɗiyar hwari? Ke dai, Lalla, ba ki da ta ido. Kallo ya isa.”

Aka kwashe da dariya. Kafin kwana biyu labari ya isa Galma, wajen Zaliha uwar Idrisa, wadda ta haifi maza shida a jere ba ta taɓa yi wa 'ya kitso ba. Murna ta hana ta jira. Ta aiko da 'yan kunne ƙanana na azurfa ƙulle a bakin ƙyalle, da gaisuwa mai yawa ga uwar ɗiya, wato Zinariya. Magana ta riga ta fita, ta zama ta mutane.

Wata guda ke nan da wannan. Bazara ta kai maƙura, duwatsun Adar suna fitar da zafi har bayan magariba. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, maza su fito ƙofar gida suna ɗaga kai, sai iska ta zo ta watsa shi. Iri na nan ɗaure, ba a shuka ba. Kowa a ƙagauce yake, don haka ba wanda ya lura cewa Zinariya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Takan je rijiya randa cike. Takan ɗauki lefen auduga ta fara kaɗi, zare ya tsinke, ta ajiye. Munduwar da ke hannun Aziza, wadda da take yawo har gwiwar hannu, yanzu ta nutse cikin tsoka. Kumburin ya wuce na kwasar kyau, kuma Zinariya ta taɓa ganin irinsa.

Shekara goma sha biyu da suka wuce akwai Aminatu, matar Mahfuzu mai ƙira. Ita ma haka ta cika, fuska da hannu da ƙafa. Zinariya ta dube ta ta yi dariya ta ce mace ce, kuma za ta yi kyau tunda ta kwashe na uwarta kaf. Ana saura kwanaki ta haihu jijjiga ta kama ta a gindin murhu. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, kafin azahar ta cika da cikinta. Ba a sa Aminatu cikin lissafin kuskure ba, domin ba wanda ya ga abin da ke cikin. Zinariya ce kaɗai take ƙirga ta. Tun daga ranar ta ƙara abu ɗaya a dubanta wanda ba ta taɓa bayyana wa kowa dalilinsa ba: takan danna babban yatsa a ƙaurin mai ciki ta ɗaga. In wurin ya taso, lafiya. In ramin ya zauna, sai ta faɗi mace ko namiji kamar kullum, sannan ta rage murya ta ce, “Gobe ki tahi likita Karofane, kar ki bari ta kwana biyu.” Mata da yawa sun je asibitin sun dawo da 'ya'yansu a baya.

Danna yatsa ɗaya ne kawai. Daga bakin madafa zuwa inda Aziza ke zama a ƙarƙashin rumfa taku takwas ne, ta ƙirga. Ta yi tunanin ta sa Lalla, sai ta hango bakin rijiya: Zinariya ta fara shakkar maganarta, Zinariya tana rawar jiki a kan 'yar fari kamar wadda ba ta da tarbiyya. Ta bar shawarar. Tsoro take ji, tsoro na gaske, amma kullum sai ta ce wa kanta zafi ne, in ruwa ya sauka kumburin zai saɓe.

Ran Talata da hantsi Isaka, maigidanta, ya sauko daga kan tudu inda salula ke samun rezo, wato layi. Ya tsaya a bakin madafa yana juya wayar a hannu, alamar saƙon da ya ɗauko bai yi masa daɗi ba.

“Yaron ga na Abijan ya kira. Ya ce a kai iyalinshi Madawa, a yi mata eko.”

Zinariya ta tsayar da muciya. Ta san eko. Shekarun nan 'yan mata sun fara zuwa Madawa a shafa musu mai a ciki, a goga wani ƙarfe, su dawo da baƙar takarda suna cewa inji ya nuna namiji, inji ya nuna mace. Wasu ma har sukan zo gidanta da farko su ji ta bakinta, sannan su je su gwada ta da injin, su dawo suna ƙus-ƙus. Ba abin da ta tsana kamar wannan.

“Eko,” ta ce. “Wato maganata ba ta ishe shi ba.”

“Ba haka yac ce ba. Ya ce tana mishi kukan ciwon kai, wai har...”

“Ciwon kai! Wace mai cikin ɗiya mace ta ba ta ciwon kai? Shi ka ɗauke da cikin? Yaron da anka haihwa jiya, shina can bakin teku shina tura baro, shi za shi aiko a auna maganata da inji? In yi ma matan gari duka, a zo kan nawa gida a ce sai an tambayi ƙarhe?”

Isaka mutum ne da ke gudun maganar mata kamar yadda ake gudun ƙaya. Ya sa wayar a aljihu. “Ni dai na isar da saƙo. Ke da injin duka, Allah ya hi ku sani.” Ya fita ya koma gyaran ƙotar kalme, fartanyarsa.

Ta ci gaba da tuƙi. Faɗan da ta yi bai sanyaya mata rai ba ko kaɗan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yarinyar ta kai kukanta har Abijan, ta tsallake uwarta da ke taku takwas daga gare ta. To da wane baki za ta kawo mata? Ita ce ta koya mata hanyar, tun ranar da aka kai ta Azarori. Ta kuma san da Isaka ya ce a kai ta likita kawai, bai ambaci eko ba, da tuni ta ɗauko mayafi. Kalma ɗaya ta toshe mata hanya, ta kuma ji haushin kanta fiye da na surukin.

Da la'asar ta yi dabara. Aziza tana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta jingina da ginshiƙi, ta miƙe ƙafafu, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Zinariya ta ɗauko ƙwarya da ludayi kamar za ta wuce rumbu. Da ta zo daidai ƙafafun sai ta saki ludayin, ya faɗi a gefen ƙaurin dama. Ta sunkuya. Daga kusa ƙafar ta ba ta tsoro: idon sawu ya ɓace, fatar ta miƙe tana ƙyalli. Yatsanta ya rage kaɗan ya taɓa. Sai Aziza, 'yar tarbiyya, ta yi sauri ta janye ƙafafunta ta naɗe su cikin zane, ta ɗauki ludayin ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa.

“Ga shi, Inna.”

Zinariya ta karɓa. Ta miƙe, ta juya baya, ta yi taku biyu.

“Inna,” in ji Aziza a hankali. Wannan ne karo na farko da ta fara ta da magana tun zuwanta. “In mace ta, haka aka ganin wuta-wuta a ido? Kamar ƙudajen wuta, da rana tsaka?”

Zinariya ta tsaya cak. Aminatu ma ta yi wannan tambayar. Ga amsa a bakin Zinariya, ga Isaka a zaure, ga jaki a turke. Sai ta ji muryar Lalla da wasu mata biyu suna sallama a ƙofar gida, sun zo aron turmi.

“Haka na,” ta ce, tana kallon rumbu. “A sha ruwa, a kwanta.”

“To, Inna.” Muryar ta fito da kwanciyar hankali, irin ta wadda aka ɗauke wa kaya. Duk gari ya yarda da uwarta, ita me zai hana ta?

Zinariya ba ta iya cin tuwon yamma ba. Kafin ta yi sallar isha ta gama shirya yadda za a yi: jibi kasuwar Karofane ce, za ta ce baƙuwarsu ta raka ta sayen kayan haihuwa, su hau amalanke da sassafe, a hanya su ratse likita kamar gaisuwa ta kai su. Ba eko, ba Madawa, ba wanda zai ce ta janye maganarta. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, kwana biyu kawai take bukata.

Washegari da hantsi tana tankaɗe a bakin madafa ta ji ƙarar kwano ya faɗi. Ta ɗaga kai. Aziza tana kwance a gefen randa, ruwa yana malala ƙarƙashinta. Idanunta sun juye, haƙora sun datse, jikin ya sandare kamar itace, sannan ya fara fizga. Kumfa mai jini ta fito a gefen baki.

Zinariya ba ta san lokacin da ta tsallake tsakar gidan ba. Ta zube a ƙasa, ta juyar da ita a kan kwiɓi, ta tallafi kan. “Aziza! Aziza! Ɗiyata!” Sunan ya fito mata wani iri, shekara goma sha tara yana cikin bakinta bai taɓa fita ba. Da fizgar ta lafa ta kai yatsa ta danna ƙaurin. Ya nutse kamar a cikin ƙullu. Ta ɗaga, ramin ya zauna yana kallonta.

Ihun ya tara maƙwabta. Lalla ta shigo da gudu riƙe da kaskon wuta. “Iska ta! Ku kawo hayaƙi, ku kira malam!”

“Aje kaskon ga, Lalla! Ba iska ba ta.” Ta juya wajen zaure ta ɗaga muryar da ba ta taɓa ɗaga wa mijinta ba. “Malam! Ɗaura jaki! Yanzu!”

Hanyar Karofane duwatsu ce da kwazazzabai. Isaka yana dukan jakin da bai taɓa duka ba, amalanke yana tsalle, Lalla ta riƙe zane tana yi musu inuwa. Zinariya ta ɗora kan 'yarta a cinya, ta rungume shi da hannu biyu kada ya bugi katako. A wajen wata tsohuwar aduwa jijjigar ta sake tasowa. Mutanen da ke kan hanya suka tsaya suna kallon Inna Zinariya tana kuka da sunan 'yar fari a bainar jama'a, ita kuwa ko a jikinta.

A likitar Karofane suka sami Mubaraka, sajfam, wato ungozomar likita, wadda ta san Zinariya sarai. Ta ɗaura wa Aziza abin awo a dantse, ta matsa, ta dubi allurar, ta sake matsawa. Nan take ta yi mata allura biyu ta sa aka kira ambilans.

“Tansiyo, wato jininta, ya hau ƙwarai. Sai Madawa, sai an fitar da ɗan yau. Tun yaushe ta kumbura haka?”

“Wata guda. Da kwanaki.”

Mubaraka ta ɗago. “Inna, ke da kike turo mana matan da ƙafarsu ba ta kai rabin wannan ba?”

Lalla ce ta amsa, a hankali, ba tsokana ko kaɗan. “Ɗiyarta ta, ta hwari.”

Mubaraka ta dube su, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Da ta zagi Zinariya da ya fi mata sauƙi.

A asibitin Madawa aka wuce da Aziza ta wata ƙofa mai ganye biyu, aka bar su a baranda. Zinariya ta zauna a benci, ta tashi. Ta je ƙarshen barandar, ta dawo. Ta ciro carbi, ta ja uku, ta manta abin da take ja. Duk macen da ta wuce da ciki idonta yakan bi ta da kansa, tsini ko baje, dama ko hagu, sai ta kawar da kai da ƙyamar kanta. Isaka yana tsugune a gindin bishiyar bedi, salula tana ta ƙara a aljihunsa, ya rasa abin da zai faɗa wa Abijan. Wajen azahar Zaliha ta iso daga Galma a kan kabu-kabu, mayafi a hannu, tana salati.

Ana kiran la'asar wata ma'aikaciya ta fito da abu naɗe cikin zane. “Ina dangin Aziza?”

Zaliha ta riga kowa. Jaririn ɗan mitsitsi ne, fata duk tamoji, amma yana motsi yana buɗe baki. Ta ɗaga gefen zanen ta leƙa, sai fuskarta ta washe, hawaye da dariya tare.

“Mace ta! Wallahi mace ta! Uwar ɗiya, ke dai Allah ya ba ki. Ko inji bai kai ki ba! Lalla, kin gani? Ba ta kuskure!”

Matan da ke jinya a barandar suka matso, aka fara nuna Zinariya, ga tsohuwar da ta faɗa tun wata guda. Wata mai ciki har ta fara gyara tsayuwa don a dube ta. Zinariya ba ta kalli jaririyar ba. Ta riƙe hannun rigar ma'aikaciyar.

“Uwar fa?”

“Tana numfashi. Ba ta farka ba. Sai mun ga abin da gobe za ta yi.”

Yabon ya ci gaba a bayanta, kowace kalma tana sauka mata kamar mari. Ta so ta juya ta ce musu su yi shiru, ta ba su labarin Aminatu, ta ce musu mace ko namiji rabi da rabi ne, ko makaho ya jefa zai dace. Ba ta da ƙarfin. Ta tsaya a jikin ƙofar har aka ba ta izinin shiga.

Hadarin da ya yi wata yana yaudarar mutane ya sauka da asuba. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, masu jinya suna ta maganar shuka. Zinariya tana zaune a ƙarshen gadon, inda ta kwana. Ta ɗora ƙafafun Aziza a cinyarta tana matsa su a hankali daga yatsu zuwa gwiwa, a gaban Zaliha, a gaban Lalla, a gaban duk matan ɗakin.

Da hantsi Aziza ta motsa. Ta buɗe ido, ta rufe, ta sake buɗewa, tana juya kai.

“Hazo nika gani,” ta ce, harshenta ya yi nauyi saboda cizon da ta yi masa. “Ba ni ganin kowa.”

Likita ya riga ya gargaɗe su cewa hakan kan faru, kuma sau da yawa ganin yakan dawo cikin kwanaki. Sau da yawa, ya ce, bai ce kullum ba. Zaliha ta matso ta faɗa mata haka, ta ce ta haihu, ɗiya na nan lafiya.

“Mace ta?”

“Mace ta.”

Aziza ta yi ɗan murmushi. “Ai na sani. Inna ta hwaɗi.”

“Ban ga komi ba,” in ji Zinariya. Duk ɗakin ya ji. “Wata guda kina kumbura gabana, na sani, na yi shiru. Kin tambaye ni, na yi miki ƙarya. Ni na kawo ki nan, Aziza. Ki yahe mini.”

Aziza ta karkata kai wajen da muryar ta fito. Wataƙila maganar ta yi mata yawa, wataƙila sunan nata ne ya ba ta mamaki a wannan bakin. Sai ta motsa yatsun ƙafarta, ta haɗe gira.

“Wa ka riƙe da ƙahwata? Inna Lalla?”

Lalla ta dubi Zinariya.

“Ni ta,” in ji Zinariya.

Ƙafafun suka ɗan zabura za su janye, kamar shekaranjiya a ƙarƙashin rumfa. Zinariya ta riƙe su, ba da ƙarfi ba. Suka tsaya. Aziza ta daɗe tana sauraren hannun, kamar mai ɗanɗana abincin da ba ta taɓa ci ba.

“Ashe kaushi gare shi,” ta ce.

“Awo. Kaushi gare shi.”

“Bar shi nan.”

Zinariya ta sunkuyar da kai, ta koma kan yatsun ta fara daga farko.